Hoto Uku, Ciki Ɗaya

Sau uku na shiga shagon mai hoto da cikin ɗiyata, kuma har yau idan na bi ta layin nan na bayan babbar kasuwar Maraɗi sai in kau da kai, ko da yake shagon ya daɗe da komawa wurin gyaran waya. Ni ba mai son hoto ba ce. Ko ranar aurena sai da ƙawaye suka riƙe ni, abin da ya fito a takardar kuwa mayafi ne da rabin goshi. Amma a shekarar nan da ƙafata na je, babu wanda ya aike ni. Maigidana yana Kwatano yana shirin wucewa gaba, ni kuma ina so ya ga abin da nake ɗauke da shi ya juyo gida.

Magini ne. Lokacin da aka buɗe siyasa, jam'iyyu suka cika gari, kowace da tutarta da motarta mai lasifika, mu kuma a gida muka fara auna hatsi da ƙaramin kwano. Ma'aikatan gwamnati sai su yi wata da watanni ba su ga albashi ba, yau yajin aiki, gobe zanga-zanga, makarantu a rufe. Gidajen da yake ginawa a unguwar Zariya duk na malaman makaranta ne da mutanen ofis, sai suka tsaya cak a daidai taga, har ciyawa ta tsiro a inda za a yi falo. Da aka karya darajar kuɗinmu na sefa, siminti ya gagari kowa. Ya yi ta fita da safe da cokalin gininsa yana dawowa da shi a bushe, har ya gaji. Wata ranar kasuwa ya hau bayan motar albasa ya tafi Kwatano. Kafin ya tafi ya gaya mini in can ma bai yi ba, akwai jirgin ruwa mai kai mutane Gabon, zai shiga. Ya ce ba shi da abin da ya ɗaure shi, ni kuma ba zan rasa tuwo ba tunda iyayena suna nan Jiratawa.

Ban ji haushin maganar ba, don na san inda ta fito. Shekararmu biyar da aure, ciki biyu na yi duka suka zube. Na biyun shi ya fi yi mana ciwo. Tun yana wata biyu na gaya masa, ya kasa riƙe murnarsa, ya je Tibiri ya gaya wa mahaifiyarsa, ita kuma ta gaya wa duk wanda ya shigo gidanta ɗibar wuta. Har ɗan rago ya sayo ya ɗaure a tsakar gida yana kiwo don ranar suna. A wata na huɗu cikin ya tafi. Ragon ya ci gaba da cin dusarsa a gabanmu, kullum muna kallonsa. Ranar da ya kwance shi zai mayar kasuwa ya tsaya a bakin ƙofa, bai dube ni ba, ya ce, "Don Allah kada ki sake hwaɗa mini komi. Bari sai na gani da idona." Ba da faɗa ya yi maganar ba, gajiya ce kawai.

To da zai tafi Kwatano na riga na yi ɓatan wata ɗaya, amma ban tabbata ba, sai na ja bakina. Da na tabbata na je Jiratawa na samu Inna a bakin rijiyar lambu tana wanke salati. Ban ma buɗe baki ba ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in rufa wa kaina asiri har ya wuce wata biyar, bakin mutane ba shi da kyau. Na bi maganarta. Na yi ta lissafin kwanaki ni kaɗai a ɗaki, na wuce wata na uku, na wuce na huɗu da zuciyata a hannu, har ranar da na ji motsi ina tsakiyar tankaɗe.

Daga nan sai tunanin yadda zan sanar da shi. Bai yi boko ba, in aka rubuta masa wasiƙa wani ne zai karanta masa da ƙarfi a ɗakin da suke kwana su goma sha wani abu, duk 'yan Maraɗi. Kaset kuwa ya fi muni, don a tsakiyar jama'a ake kunnawa, har a maimaita. Mai kai mana saƙo direban motar albasa ne, dattijo ɗan Tibiri, abokin mahaifinsa, wanda ko gaisuwa ba na iya yi masa sai a durƙushe. Ta hannun matarsa nake ba da saƙo, ita kuma abin da ya shiga kunnenta da safe kafin azahar ya kai bakin gulbi. Yanzu da na manyanta na san kalma uku ta isa, "ina da ciki," kuma da na faɗe ta da ba abin da zai cinye ni. A lokacin ban ga hanya ba sai hoto. Hoto a rufe cikin ambulan ba ya bukatar mai karantawa, kuma shi da kansa ya ce sai ya gani da idonsa.

Ranar farko da zan je shagon na yi wanka, na ɗaura zanena mai kyau, na yafa babban mayafi har gwiwa, don ba zan ratsa kasuwa ciki a waje ba. Na ce in na shiga ciki zan cire. Na iske shagon cike da maza, masu hoton katin jam'iyya da wani mai neman kujera da ya zo da huluna uku yana gwadawa. Na raɓe a ƙarshen benci har aka zo kaina. Mai hoton dogo ne, da furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. Kallo ɗaya ya yi wa yadda na tashi daga bencin, na dafa bango, sai ya sunkuyar da kai. Ya tambaye ni rabi nake so ko tsaye, na ce tsaye.

Ya shigar da ni bayan labule, inda aka zana gidan bene da jirgin sama a bango. Kafin in kai hannu ga mayafina har ya jawo wata kujera mai dogon baya ya kafa ta a gabana, ya ɗora tulun furannin roba a kanta, ya ce in dafa kan kujerar da hannu biyu. Ya nuna mini wata ƙusa a bango ya ce ita zan kalla, kada in kalli na'urar, haka yake yi wa masu kunya sai fuskarsu ta saki. Ina ganin abin da yake yi na gane. Ashe aikinsa ke nan shekara da shekaru, duk mai cikin da larura ta kawo shagonsa sai ya san yadda ya ɓoye ta, kuma yana alfahari da haka. Yana gyara furannin ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kwantar da hankalinki, baiwar Allah. Ba macen da ta taɓa hita shagon ga da asirinta a waje."

Na ce masa na gode. Wannan godiyar ita ce har yau take ba ni haushi in na tuna.

Hoton mai kala ne, irinsu kuma ba a nan ake wanke su ba, sai an tara an kai Katsina. Ga wahalar mai, ga iyaka yau a buɗe gobe a rufe, sai da na yi kwana goma sha shida ina zarya kafin ya fito. Ya yi kyau, ba zan ci amanar mutumin ba. Kujera ta fito, furanni sun fito, jirgin sama ya fito, ni kuma daga kafaɗa zuwa sama. Na zauna na ƙura masa ido ina lallashin kaina. Hancina ya buɗe, wuyana ya yi duhu, kumatuna sun cika, duk macen da ta gani za ta gane. Na liƙe ambulan na kai wa matar direba. Na manta cewa wanda zan aika wa ba mace ba ne.

Bayan mako uku amsa ta zo a kaset, aka kira ni Tibiri don a saurara tare. Muka zauna a tsakar gidan surukata, rediyon a kan turmi. Ya gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, har da makwabta da mai unguwa, sai can ƙarshe ya zo kan mutanen gida, wato ni. Ya ce hoto ya iso, alhamdu lillahi ya ga an yi ƙiba, hankalinsa ya kwanta. Aka yi dariya. Sannan ya ce Kwatano ba aiki sai dako, ya yanke shawara zai shiga jirgin Gabon bayan Sallar Layya, a taya shi da addu'a.

Ina zaune a kan tabarma, ciki ya shiga wata na bakwai, mayafi ba ya iya rufe komai ga mai ido. Surukata ta dubi ƙafafuna da suka kumbura, ta kau da kai. Ta sani sarai. Amma wancan karon ita aka ɗora wa laifin yawan magana, don haka ta yi rantsuwa a ranta ba za a sake ji daga bakinta ba, ni kuma ba zan iya ɗaga ido in yi wa uwar miji zancen ciki ba. Ta tashi ta dama mini fura mai yawa, ta ce in sha duka. Matan gidan ma duk sun gani. Kowa ya sani, kowa yana jiran wani ya fara, haka muka yi sallama na hau mota na koma Maraɗi.

Washegari na koma shagon. Wannan karon na bar babban mayafin a gida, na sa ƙaramin gyale da wata tsohuwar riga da ta matse ni. A hanya ina ta haddace abin da zan ce. Da na shiga sai na iske samari uku na wata jam'iyya a bencin, labulen kuma an ɗage shi saboda zafi, duk abin da aka faɗa a ciki suna ji. Mai hoton ya kai hannu ga kujerar, na yi ta maza na ce ba na son ta. Iyakar abin da ya fito ke nan. Shi kuma ya ɗauka salon ne ya gundure ni, har ya yi murmushi ya ce yana da wanda ya fi shi. Ya zaunar da ni a bayan wani tebur mai mayafi har ƙasa, ya miƙo mini kan tarho wanda ba shi da igiya, ya ce in kara a kunne kamar ina magana da wani na nesa. Na kara. Samarin suna leƙe, ɗaya yana cewa wannan salon na matan manya ne. Na kalli ƙusar nan ta bango, wuta ta haska, na biya na fito. A hanya ina ce wa kaina wataƙila teburin bai kai ya rufe duka ba.

Kwana goma sha biyu na jira. A cikinsu mota biyu ta tashi zuwa Kwatano daga tashar albasa, kowace da direban da zai iya karɓar saƙo. Ina jin labarinsu, ina zaune ina jiran Katsina.

Ranar da hoton ya zo gari a mace yake, an kira yajin aiki, rabin kasuwa a rufe, kuma ba wuta tun safe. Shagon ba kowa sai shi, yana fifita da kwali. Na buɗe ambulan a gabansa. Tebur ne da tarho da fuskata, mayafin teburin ya fito da duk zanensa. Dattijon direba kuma jibi zai tashi, Sallah saura kwanaki. Ban san lokacin da na zauna a bencin ba. Ba kuka na yi ba, wata irin gajiya ce ta sauko mini, har kunyar ma na rasa ƙarfin jin ta. Na ce, "Malam, cikin nike so a gani."

Ya tsaya da fifitar.

Na gaya masa komai, ban ɗaga kai ba. Maigida, da Kwatano, da jirgin, da biyun da suka zube, da abin da ya ce a bakin ƙofa. Abin da na kasa gaya wa uwar mijina na zazzage wa mutumin da ban san ko sunansa ba. Da na gama ya ce, "Subhanallahi. Mi ya hana ki hwaɗi tun ranar hwarko?"

Na ce, "Kai mi ya hana ka tambaya?"

Ya ce shekararsa kusan talatin yana wannan aiki, bai taɓa ɗaukar irin wannan hoton ba, bai ma san yadda ake tsayar da mutum ba. Ya ce maganar kala ta ƙare, sai baƙi da fari, wanda yake wankewa da hannunsa in wuta ta dawo. Gidansa a bayan shagon yake, sai ya leƙa ya kira matarsa, ya yi mata bayani a gajarce yana kallon ƙasa. Ita babbar mace ce, hannunta duk ƙullun waina. Ta dube ni, ta dube shi, ta ce maza dai sai a hankali, ta ja ni zuwa tsakar gida.

Babu gidan bene, babu furanni, bangon ƙasa ne da rana a kansa. Ta karɓe gyalena ta rataya a igiyar shanya, ta kwance zanena ta sake ɗaure shi tamau, ta juya ni gefe, ta kama hannuna ɗaya ta sa a ƙarƙashin cikin, ɗayan a sama. Mijinta ya kafa na'urarsa ya ba mu baya har ta gama. Na tambaye ta ina zan kalla, ta ce ita zan kalla. Ta koma gefe ta fara tambayata su wane ne iyayena a Jiratawa, ko tumatir ya yi araha bana, wai na wajenmu ya fi ruwa. Ina cikin ba ta amsa na ji ƙarar na'urar. Ya leƙa sau ɗaya ya daidaita, amma lokacin da ya danna kansa a sunkuye yake. Shekaru da yawa bayan haka, da ita ɗiyar tawa ta samu nata cikin, ta zo tana nuna mini hotunan zamani a waya, wai ita da mijinta suna so amma dukansu kunya suke ji. Na ce mata su kori duk wani ɗan kallo, su kawar da kujera da tebur, ta tsaya gefe, ta sami wadda ta yarda da ita ta riƙa yi mata hira. Ta yi mamakin inda na san wannan.

Wuta ta dawo da la'asar, da safe na karɓi hoton. Da ƙyar na iya kallonsa. Wata mace ce a tsaye a jikin bango, ba mayafi, baki a ɗan buɗe, ciki a gaba ba abin da ya tare shi. Ko makaho aka shafa masa zai gane. Na sa a ambulan, na liƙe, na ƙara naɗe shi da zare, na kai wa matar direba na ce a ba shi hannu da hannu.

Daga nan na shiga shiri. Na wanke kayansa da ya bari, na sa aka yaɓe inda damina ta ci a bangon ɗaki, na sayi sabuwar buta. Sallah ta zo ta wuce. Duk motar da na ji ta tsaya a bakin layi sai in saurara, ina ganin kamar zai diro daga saman buhuna da jakarsa. Ban taɓa shakkar zai dawo ba, don na san mijina.

Wata rana da hantsi matar direba ta yi sallama. Ta zauna ta sha ruwa, sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da ambulan ɗin, zarena yana nan yadda na ɗaure. Masu jirgin ba su jira Sallah ba, da mutanensu suka cika sai suka tashi. Kwana tara ke nan da tafiyarsu lokacin da mijinta ya isa. Na lissafa a raina tana zaune. Kwana tara, ni kuwa goma sha biyu na yi ina jiran hoton tebur.

A Jiratawa na haihu, a ɗakin Inna. Wan mijina ne ya yanka rago ya raɗa suna. Labari bai kai Gabon ba sai da yarinyar ta fara rarrafe, ta bakin wani ɗan Tibiri da ya je can. Maigidana ya aiko da kaset yana kuka a ciki, aka kashe kafin ya ƙare saboda yara. Amma shiga can ta fi fita sauƙi ga wanda ba shi da takardu, kuma kowace shekara sai ya ce baɗi. Na koma sayar da ƙosai a bakin hanya, gwamnati ta faɗi wata ta hau, ita ma ta faɗi, ni dai ina gaban kasko. Shekara shida ya yi.

Ya dawo a rame, da tari, da jaka ɗaya. Yarinyar tana ganinsa ta shige bayan randa, aka yi aka yi ta ƙi fitowa. Kwana uku tana zagaye shi. A rana ta huɗu da safe ina fitar da kaya daga akwati don in sama masa wuri, hannuna ya faɗa kan ambulan ɗin. Na yi niyyar mayarwa ƙasa, sai na ga ai nasa ne. Na miƙa masa na ce saƙonsa ne da bai same shi ba. Ya tsinke zaren da haƙori, ya zaro hoton, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe yana kallo, har na fara jin kunyar da ban ji ba a gaban mai hoto.

Ya ce, "Da wanga ya iske ni, wallahi da ban shiga jirgin nan ba."

Na ce na sani. Amma gaskiya ba abin da na so in ji ke nan ba. Shekara shida ina fatan in ya dawo ya ce mini ko ya gani da sai ya tafi, talauci ne ya kore shi, ba shiruna ba. Da ya yi mini wannan ƙaryar da na sauke kayan da ke kaina. Bai yi ba, shi ba ya ƙarya. Ya mayar da hoton cikin ambulan ya riƙe a hannu, ya zauna a bakin ƙofar yana tari. Yarinyar ta shigo daga waje za ta raɓa ta bayansa ta wuce, na yi mata tsawa na ce ba ta ga mutum ba ne. Ta dawo ta durƙusa nesa da shi, ta ce masa sannu da zuwa, yadda na koya mata ta riƙa yi wa baƙi.